Daga Palladan zuwa Dala: yadda muka bi hanyar jirgin sama ta ƙasa

Duk wanda ya yi ko zangon karatu guda a Samaru ya san wannan ƙarar. Siririya ce, kamar ta injin markaɗe a bayan gida na uku. Za ta taso ta wuce, bayan 'yan mintoci ta sake dawowa. Ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ne da ke Palladan, a kan hanyar Sakkwato, inda ɗalibai ke tashi, su kewaya filin, su sauka, su sake tashi. An kafa kwalejin a 1964, shekara biyu bayan Jami'ar Ahmadu Bello, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin jiragen sama ta duniya. Fiye da shekara 60 ke nan mutanen Samaru da Palladan da Kwangila suna kwana suna tashi a ƙarƙashin ajin karatu. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta yi karatu, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar.

Idan hunturu ya kankama sai ƙarar ta ɗauke. Wani lokaci a yi kwana da kwanaki ba a ji ta ba. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele da ke Chadi ta shimfiɗa ta a kanmu, rana ta koma kamar farin faranti, Dutsen Kufena ya ɓace wa wanda ke tsaye a Tudun Wada. Mu abin da ya dame mu a irin wannan lokaci shi ne kaushi da mura. Ɗalibin tuƙin jirgi kuwa karatunsa ne ke tsayawa cak, domin wanda bai kai matakin tuƙi da na'ura zalla ba, da idonsa yake tafiya, kuma ƙa'idar da aka saba da ita ita ce ya iya hangen aƙalla kilomita 5 a gabansa.

Mu huɗu ne, 'yan aji uku a sashen nazarin labarin ƙasa, kuma yayan ɗaya daga cikinmu yana cikin waɗanda hazon bana ya zaunar. Yaya muke kiransa dukkanmu. Abin da yake jira shi ne tafiyar nesa shi kaɗai, babu malami a gefensa. Dokar ICAO ta ce kafin mutum ya sami lasisin farko sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, a ciki kuma dole a sami tafiya guda ta kilomita 270 ko fiye, shi kaɗai, ya sauka a filaye biyu daban. Kowace awa a cikin jirgi kuɗi ce mai nauyi, gidansu kuma ba masu hali ba ne, taro da sisi aka haɗa. Idan ya ɓata a hanya, ko ya kutsa sararin da ba a ba shi izini ba, mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a maimaita darasin a sake biya. Mafi munin kuwa ba sai an faɗa ba.

A ɗakinsa muka fara ganin abin da ya sa muka yi wannan tafiya. Kwamfutar hannu ce mai faɗin littafin rubutu, irin wadda ƙannenmu ke kallon katun a kai, sai dai tasa tana da maɗauri da ake zagaya wa cinya don kada ta zame idan jirgi ya karkata. Allo yake ce mata, mu ma haka za mu ci gaba da kiranta. A cikinta akwai manhajar da ke nuna wa matuƙi hanya. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. ForeFlight, wadda aka fara a Amurka a 2007 kuma kamfanin Boeing ya saya a 2019, a kan iPad da iPhone take aiki. SkyDemon ta Ingila ce, masu ƙananan jirage a Turai sun fi riƙe ta. Akwai Garmin Pilot, akwai Air Navigation Pro. Manyan kamfanoni ma sun daɗe da shiga: a 2013 American Airlines ya gama sauya jakar takardun matuƙansa, mai nauyin kusan kilo 16, da allo guda.

Yaya ya rubuta haruffa huɗu, DNZA, ya sake rubuta wasu huɗu, DNKN. Na farko sunan filin jirgin Zariya ne a harshen matuƙa, na biyu filin Malam Aminu Kano. Duk filin da ke Najeriya da DN yake farawa, na Nijar kuma da DR. Kafin ya ɗaga yatsa, wani layi mai ruwan hoda ya miƙe daga Palladan zuwa Kano, sambal, bai san kwana ba, bai san rami ba. A ƙasan allon lambobi suka jeru: nisa kusan mil 74, wato wajen kilomita 137, domin mil ɗin matuƙa na teku ne, mita 1,852. Alƙibla wajen digiri 42, arewa maso gabas. Lokaci minti 37 idan jirgin na gudun mil 120 a awa.

Sai ya ƙara iska a lissafin, a nan abin ya fara ba mu sha'awa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Kano kuma a can take, don haka mai zuwa Kano daga Zariya gaba da gaba yake da ita. Ya ce mu ɗauka tana gudun mil 20 a awa. Jirgin da ke keta iska da mil 120, a ƙasa mil 100 kawai yake ci, tafiyar ta koma minti 44. A dawowa iskar na tura shi ta baya, ya ci mil 140, minti 32 ya isa gida. Hanya ɗaya, jirgi ɗaya, amma bambancin minti 12, kuma kowane minti mai ne ke ƙonewa. Manhajar ta lissafa man, ta lissafa nauyin matuƙi da kaya da inda ya kamata kowanne ya zauna don kada hanci ko wutsiya ta rinjaya. Ta ba da shawarar tsayin ƙafa 5,500, saboda akwai ƙa'idar da ta raba sama gida biyu: mai tuƙi da ido da ya nufi ɓangaren gabas yana ɗaukar 3,500 ko 5,500 ko 7,500, mai nufar yamma kuma 4,500 ko 6,500, don kada biyu su yi karo.

Duk wannan bai ɗauki minti biyu ba. Abin mamaki, a gefen allon akwai taswirar takarda a shimfiɗe, da fensir, da rula, da wani faifan lissafi na ƙarfe da ake juyawa da yatsa, wanda wani sojan ruwan Amurka mai suna Philip Dalton ya ƙirƙiro tun shekarun 1930. Yaya ya ce malaminsa ba ya kallon allon sai ya ga aikin takarda tukuna. A taswirar, santimita 1 na wakiltar kilomita 5, don haka Zariya zuwa Kano layin fensir ne mai tsawon santimita 27 da 'yan kai. A kan wannan layi ake so ɗalibi ya zaɓi alamomi a ƙasa, kamar kowane minti goma, ya rubuta lokacin da yake sa ran wucewa ta kan kowacce. Idan lokaci ya yi bai ga alamar ba, ya san akwai magana.

Zaɓen alamomin ne ya tsaya masa. A taswira kowane gari ɗigo ne, ɗigo kuma ba ya gaya maka yadda zai kasance a ido. Ɗaya daga cikinmu ta ce tunda sama ta rufe, ƙasa ai a buɗe take, me zai hana mu bi hanyar da mota mu duba? Mu ma muna da aikin fili da za mu rubuta. Da haka ranar Asabar da sassafe muka tsinci kanmu a tashar Kwangila, mu biyar, muka cike ƙaramar mota da allo a cinyar Yaya.

Kafin mu fita gari ya kashe data, ya cire allon daga duk wata sadarwa. Ɗan ƙaramin hoton jirgi da ke tsakiyar taswirar bai damu ba, ya ci gaba da tafiya tare da mu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka GPS da intanet abu ɗaya ne. Taurarin ɗan adam na GPS, mallakin gwamnatin Amurka, suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana ta aiko da saƙon lokaci da inda yake. Na'urar da ke hannunka saurare kawai take yi. Idan ta ji guda huɗu, sai ta auna jinkirin isowar saƙon kowanne ta gano inda take. Abin da ke buƙatar intanet shi ne sauke taswira da rahoton yanayi, shi ya sa ake yin su tun a ƙasa. Ga wanda ke shirin saye, akwai tarko a nan: iPad ɗin da ba ya ɗaukar layin waya ba shi da GPS a cikinsa, sai an haɗa masa wata ƙaramar na'ura daban.

Direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu, tun daga gadar Kwangila yake satar kallon allon. Da muka hau babban titi ya taka mota, sai taswirar ta rine ja, gargaɗi ya fito. Manhajar ta ɗauka jirgi ne ke gudun mil 50 da ɗoriya yana shafar ƙasa, tana ta faɗakar da mu cewa za mu daki tudu. Muka kwashe da dariya.

"Samari, me take cewa?" in ji direban.

"Baba, cewa take mu ƙara sama," in ji Yaya.

"To ka gaya mata shekarata 30 a kan wannan hanya, ban taɓa buƙatar hakan ba."

Akwai wata lamba a gefen allon da muka zuba wa ido tun daga nan har Kano. Ita ke nuna nisan da ka kauce daga layin ruwan hoda, hagu ko dama. Matuƙi so yake ya riƙe ta kusa da sifili. Akwai wani lissafin ka da suke koya: idan ka kauce da digiri 1 kacal, bayan mil 60 za ka tarar ka bar hanya da mil 1. Digiri 5 a tafiyar Kano kuwa ya kai mil 6, kilomita 11, wanda a cikin hazo ya isa ka wuce birnin gaba ɗaya ta gefe ba ka gan shi ba.

Daga Zariya zuwa yankin Maƙarfi titi da layin ba su yi nisa da juna ba. A Tashar Yari muka tsaya, masu rake suka yanyame motar, domin Maƙarfi gidan rake ce. Yaya ya fita yana dube-dube kamar mai neman filin saye. Abin da muka koya a wurin shi ne, abin da ke burge mai tafiya a ƙasa ba shi ne ke taimakon na sama ba. Babban masallaci, kasuwa mai cika, allon sunan gari, duk daga ƙafa 5,500 tarin kwanon rufi ne kawai, kuma garuruwan wannan yanki sun yi kama da juna kamar 'ya'yan mutum ɗaya: jar ƙasa, kwano, 'yan itatuwan mangwaro da darbejiya, gonaki kewaye. Alama mai kyau ita ce wadda ba ta da ta biyu a kusa. Inda titi ya haɗu da titi, inda dogo ya tsallaka kogi, babban ruwa, dutsen da ya tsaya shi kaɗai. Ƙarfen sabis na kamfanonin waya kuwa, da muke ganin zai yi, shi a wurinsa haɗari ne, domin siriri ne, ba a ganinsa sai an zo kusa, kuma ba kowanne ke cikin taswira ba.

Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya mana a rai, mu da ke karanta zanen taswira. Manhaja ba ta san komai da kanta ba. Wani ne ya auna, wani ya rubuta, wata hukuma ta wallafa. Bayanan sufurin jiragen sama a duniya ana sabunta su ne duk kwana 28, a rana ɗaya ga kowa, kuma wanda bai sauke sabon ba yana yawo da labarin watan jiya. Ƙasa kuwa ba ta jira. Tsohon layin dogo da ya isa Kano a 1911 yana cikin kowace taswira. Sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka fara aikinsa a 2021 ya riga ya tsaga daji, kuma a idon wanda ke sama, jan zanen da aikin ya bari na iya fin tsohon dogon fitowa fili. Ɗalibin da ya riƙe cewa dogo ɗaya ne a yankin zai iya bin wanda ba shi yake nufi ba.

Bayan mun shiga Jihar Kano titin ya fara karkata gabas, ya bar layin a hagunmu, lambar nan ta fara hawa. A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu, Yaya ya yi alama a takardarsa. Mahaɗar manyan tituna ce, kwalta baƙa a kan jar ƙasa, irin abin da ido ke kamawa daga nesa.

A nan muka tsaya shan shayi, kuma muka lura ko minti ɗaya bai bar allon a rana ba, cikin jaka ya tura shi. Ya ce zafi ne babban abokin gabar allo a ƙasarmu. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi iPad ne don ya yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, idan ya ɗau zafi da yawa sai ya rufe kansa har ya huce. Ka tuna yadda Zariya take a watan Maris da Afrilu, sannan ka tuna jirgin koyo irin Diamond DA40 rufin gilashi gare shi, rana na dukan cinyar matuƙi kai tsaye. Ga batir kuma, hasken fuska a ƙure don a iya gani cikin rana, GPS a kunne, caji na zuba kamar ruwa a kwando. Shi ya sa ake tafiya da abin caji na ko-ta-kwana, ake kuma barin taswirar takarda a naɗe daidai wurin da ake, ba a can bayan kujera ba. Su ma manya abin na taɓa su: a Afrilun 2015 matsalar manhajar taswira a allunan matuƙan American Airlines ta jinkirta tashin jirage da dama.

Da shayi a hannu ya ba mu wani labari da ake koya wa matuƙa a ko'ina. A Disambar 1995 wani jirgin American Airlines ƙirar Boeing 757 yana gangarowa birnin Kali na ƙasar Kolombiya da dare, tsakanin duwatsu. Matuƙan suka so su nufi wata tashar alama mai suna Rozo, suka danna harafin R a kwamfutar jirgin, suka karɓi abin da ta fara kawowa. Ashe wata tashar ce daban mai suna Romeo, can kusa da Bogota. Jirgin ya juya ya bi umarnin da aka ba shi, kafin su gane inda suke sun shiga cikin duwatsu. Mutum 159 suka rasu, huɗu suka tsira. A 1997 wani kyaftin na kamfanin, Warren VanderBurgh, ya gabatar da wata lacca ga matuƙa da ta yi suna har yau, inda ya kira masu irin wannan dogaro 'ya'yan layin ruwan hoda: waɗanda idan layin ya ce dama sai dama, ba sa tambayar ko layin kansa daidai yake. Kwamfutar jirgin Kali ta fi allon Yaya tsada nesa ba kusa ba, kuma ba ta lalace ba a daren. Abin da aka rubuta mata ta bi.

A namu ganin, wannan ba hujja ba ce ta raina allon. Wanda ya ga yadda yake nuna maka inda kake a daƙiƙa guda, ya zana maka iyakar sararin da aka hana shiga, ya gaya maka filin da ya fi kusa idan inji ya fara tari, ba zai so ɗan uwansa ya tashi babu shi ba. Masu cewa matuƙin gaske ba ya buƙatar irin wannan suna tuna mana da masu cewa ɗalibin gaske ba ya taɓa kalkuleta. Amma mun fahimci dalilin malamin da ya ce takarda tukuna. Wanda ya ja layin da hannunsa ya san Kano na digiri 42 ne, don haka ranar da yatsarsa ta zame allon ya ce 142, cikinsa zai ba shi cewa da sake. Wanda bai taɓa ja ba, bi zai yi. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan matuƙa a Gabas ta Tsakiya da yankin tekun Baltik suna ta kai rahoton toshe saƙon GPS, har da aiko da na bogi da ke nuna wa jirgi wurin da ba nan yake ba.

Daga Chiromawa zuwa Kadawa da Kura ƙasar ta sauya kamar an buɗe wani shafi. Tsakiyar rani ne, ko'ina ya bushe ya yi fari, amma nan kore shar: shinkafa, tumatir, albasa, alkama, magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da rula. Ruwan Dam ɗin Tiga ne, wanda aka gina a farkon shekarun 1970, ke shayar da wannan shimfiɗa. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun yi layi a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. Yaya ya ce a rani babu alamar da ta kai wannan, kore mai kusurwa huɗu a tsakiyar fari. Da damina kuwa, idan ko'ina ya yi kore, sai ta narke cikin sauran. Wato alama ma tana da kakarta, abin da babu taswirar da ta rubuta.

Ya zuƙo taswirar baya ya nuna mana wani abu da ba za mu taɓa gani daga mota ba. Layin nasa ya ratsa ne tsakanin manyan ruwaye biyu. Tiga na can dama, da ɗan nisa. Dam ɗin Challawa da ke wajen Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, yana hagu, ya fi kusa. Su ne shingensa. Idan ya ga Challawa a ƙarƙashin fiffikensa, iska ta tura shi yamma. Idan Tiga ta matso har yana ganin bakin ruwanta sosai, ya zame gabas. A rana mai haske ko allon ya mutu ba zai ɓata tsakaninsu ba. Muka leƙa ta taga muna neman ko da alamar inda suke. A lokacin ko itatuwan da ke bayan gonakin farko da ƙyar ake rarrabe su.

Mun tsallaka gadar Tamburawa, yashi ya fi ruwa yawa a kogin, masu tifa na ta ɗiba. Daga nan taswirar ta cika da da'irori, ɗaya cikin ɗaya, kewaye da filin jirgin Kano. Sarari ne mai mai shi. Kafin ƙaramin jirgi ya shiga dole matuƙi ya kira ta rediyo, ya faɗi ko shi wane ne, inda yake, tsayinsa da abin da yake nema, ya jira izini, domin a nan manyan jiragen Jidda da Alƙahira da Legas ke sauka. Allon zai nuna maka iyakar, amma ba zai yi maka magana ba, kuma Yaya ya ce wannan kiran ya fi ba shi tsoro a kan tuƙin kansa. Mun ga lambobi 06 da 24 a bakin zanen titin jirgin. Alƙibla ce aka yanke wa sifilin ƙarshe: mai sauka ta wannan kai yana fuskantar digiri 60, ta wancan kuma 240. Tunda jirgi iska yake so ya fuskanta wajen sauka, a hunturu 06 ce ta fi dacewa. Wani abin da ya faranta wa Bakanon cikinmu rai shi ne, a taswirar matuƙan duniya, yankin sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa.

Kano ta daɗe da jirgi. A Nuwambar 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya ƙirar DH.9A, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka iso nan daga Masar, suka ratso Sudan da Chadi da kamfas da agogo da taswirar da rabinta fili ne fari. Shekara goma sha ɗaya bayan haka, a 1936, jiragen fasinja suka fara zuwa. Mun yi ta tunanin yadda waɗancan mutane suka gane sun iso. Amsar da ta fi kusa da hankali ita ce ganuwa da duwatsun nan biyu, Dala da Goron Dutse, waɗanda tun zamanin Barbushe suke gaya wa matafiyi cewa ga Kano.

Don haka Dala muka nufa bayan azahar. Mun hau matakalar muna haki, yaran unguwa na tsere a gabanmu. A sama Yaya ya kunna data ya sauke rahoton yanayin filin jirgin, wanda ma'aikatan hukumar NiMet ke fitarwa a kai a kai. Layi ɗaya ne na haruffa da lambobi, kamar rubutun sirri. Ya warware mana: ga sunan filin, ga lokaci da agogon duniya wanda Najeriya ke gabansa da awa 1, ga inda iska ke fitowa da ƙarfinta, ga nisan gani da mita, ga HZ da ke nufin hazo. A Amurka akwai tashoshin ƙasa da ke aika wa ƙananan jirage irin wannan rahoto kyauta suna cikin tafiya. Matuƙinmu kuwa abin da ya sauke kafin ya tashi da abin da aka gaya masa ta rediyo su ne guzurinsa.

Allon ya nuna filin jirgin na arewa da mu, kusan kilomita 5 daga inda muke tsaye, wato daidai gwargwadon abin da doka ke so ɗalibi ya iya hangowa. Muka juya muka duba. Rufin gidajen da ke gindin dutsen sun fito sarai. Goron Dutse ya yi dishi-dishi kamar zanen fensir da aka goge. Bayan nan babu komai sai fari. Mun ji rugugin wani babban jirgi yana gangarowa, muka bi sautin da ido har ya mutu, ko inuwarsa ba mu gani ba. Shi da na'ura yake sauka, yana da horon da kayan. A kan allon kuwa komai tsaf: titin jirgi, da'irori, ɗan hoton jirginmu zaune a kan Dala, kamar babu ƙura ko ƙwaya a duniya.

"Yaya, da a ce yau ne ranar taka, ga allo yana nuna maka komai, za ka taso?" in ji ƙanwarsa.

Ya ce ko makullin jirgin ba za a ba shi ba, kuma ko an ba shi ba zai karɓa ba.

Ya zauna a kan dutsen ya fito da takardar da ya yi ta yi wa rubutu tun Kwangila. Alamomi bakwai ya zo da su daga ɗaki. Ya soke uku, duk ƙauyuka ne masu kama da maƙwabtansu. Ya bar Maƙarfi saboda girmanta da titin da ke gefenta, ya bar mahaɗar Kwanar Dangora, ya bar Challawa a hagu da koren Kadawa a dama a matsayin alama guda, ya bar kogin Tamburawa, inda ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kafin nan ya riga ya kira Kano. Mu tafiyar ta ci mana fiye da awa biyu da tsaye-tsayenmu. A gefen takardar ya rubuta 44 da fensir, ya ce sai ranar da za a tashi, idan ya ga iskar ranar, zai san ko lambar za ta zauna.